Jarrabawar Shiga Makarantar Koyon Kasuwanci: Kafin Ku Kai Sa Kara, Ku Ji Wannan

  Wannan taƙaitaccen bayani ne na abin da muka tattauna a shirinmu na ilimi. Mun rubuta shi ne don wanda shirin ya wuce shi yana wajen kiwo ko yana bisa hanya, ya samu ya karanta, ko a karanta masa.

Ga yadda maganar take zuwa gidaje da yawa. Yaro ko yarinya sun gama jami'a, sai su ce suna son ƙaro karatu a fannin tafiyar da kasuwanci, amma sai an ci wata jarrabawa tukuna, kuma da dalar Amurka ake biyan kuɗinta. Uba ba ya son ya tare wa ɗansa hanya, ba ya kuma son ya zuba dukiya inda bai san zurfinsa ba. To iyayena, abin da muke so ku riƙe daga farko shi ne: wannan jarrabawa ana iya cinta, amma tana da tsari. Biyan kuɗi shi ne mataki na ƙarshe a cikin shirinta, ba na farko ba. Wanda ya fara da biya, sau da yawa sai ya biya sau biyu.

Wane karatu ne wannan?

Sunan digirin MBA. Digiri na biyu ne, wato sai wanda ya riga ya samu digiri na farko, abin da 'yan uwanmu na Nijar ke kira lisans. Jami'ar Harvard ta Amurka ce ta fara bayar da shi a 1908, yau kuwa ya game duniya. Ana koyar da yadda ake riƙe lissafin kamfani, da neman jari, da tallata haja, da tafiyar da ma'aikata, da shigo da kaya da fitar da su. Alhajin da ya shekara 30 yana safarar albasar Galmi ya san da yawa daga cikin wannan a aikace. Abin da makarantar ke ƙarawa shi ne yadda za a rubuta shi, a auna shi, a kai shi gaban banki ko gaban baƙon ɗan kasuwa ya yarda.

Da yake masu nema sun fi gurabe yawa a manyan makarantu, sai aka sa jarrabawar tacewa. Wadda ta fi suna ita ce GMAT. Wata ƙungiyar makarantun kasuwanci mai suna GMAC ce ke da ita, kuma tun 1954 ake yin ta, ko da yake sai a 1976 ta samu sunan da take da shi yanzu.

Tambaya ta farko: wace makaranta?

Kafin a yi maganar littafi ko kuɗi, ku tambayi yaronku: wace makaranta kake nufi, kuma wace jarrabawa suka ce suna so? Idan bai iya amsa wannan ba, bai isa a ba shi ko sisi ba tukuna. Dalili kuwa, hanyoyin ba ɗaya ba ne.

Idan a cikin Najeriya ne, akwai makarantar kasuwanci ta Dangote da ke Jami'ar Bayero a Kano, akwai ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Irin waɗannan suna da tasu hanyar ɗaukar ɗalibai, ba sai da GMAT ba. Makarantar kasuwanci ta Legas, wadda aka kafa a 1991, tana karɓar sakamakon GMAT, tana kuma da tata jarrabawar shiga.

Idan yaro da Faransanci ya yi karatu, akwai CESAG a Dakar, babban birnin Senegal, wadda ke ƙarƙashin kulawar BCEAO, bankin nan da ke buga takardar sefa da ke aljihunku. Nan da Faransanci ake karatu, kuma suna da tasu hanyar tace masu nema. Makarantun Faransa kuwa da yawa suna karɓar wata jarrabawa mai suna TAGE MAGE, da Faransanci ake yin ta, tambaya 90 cikin awa 2, maki mafi girma 600.

Idan kuwa Amurka ko Ingila ko Kanada yake hange, ko manyan makarantun Turai da Asiya masu koyarwa da Turanci, to nan ne galibi ake neman GMAT, ko kuma takwararta GRE, wadda makarantu da yawa ke karɓa a madadinta. Ku lura da kyau, GMAT da Turanci kaɗai ake yin ta. Yaron da ya tashi a lakwal, komai ƙwazonsa a lissafi, sai ya fara gyara Turancinsa kafin ya tunkare ta. Wannan kaɗai yana iya cin wata shida ko fiye, kuma gara a san da shi tun da wuri.

Yadda GMAT take a yanzu

An sauya fasalin jarrabawar a ƙarshen 2023, tsohon tsarin kuma aka daina shi a farkon 2024. Saboda haka tsohon littafin da wani yaya ya bari a akwati yana iya ɓatar da mai shiri, don akwai abubuwan da aka cire, kamar rubuta insha'i da tambayoyin gyaran jimla.

A kwamfuta ake yin ta. Kashi uku ce, kowane kashi minti 45, jimla awa 2 da minti 15, da hutun minti 10 ga wanda yake so. Kashin lissafi tambaya 21, kashin fahimtar rubutu da auna hujja tambaya 23, kashin nazarin bayanai, wato karanta jadawali da zanen alƙaluma, tambaya 20. Duka tambaya 64 ke nan. Mai jarrabawa shi zai zaɓi kashin da zai fara da shi. Ba a yarda da na'urar lissafi a kashin lissafi ba, sai a kashin nazarin bayanai kawai.

Wani abin da ya bambanta ta da jarrabawar da muka saba shi ne, kwamfutar tana auna mutum yayin da yake amsawa. Idan ya amsa daidai, sai ta ƙara masa mai wuya. Idan ya faɗi, ta sassauta. Kamar dai yadda kuke ƙara wa sabon raƙumi kaya kaɗan-kaɗan har ku gane iyakar abin da zai ɗauka. Don haka mutum biyu da ke zaune kusa da juna ba tambaya ɗaya suke gani ba, kuma maki ba yawan amsar daidai kaɗai yake bi ba, har da nauyin tambayoyin da aka ci. Wanda ya bar tambayoyi bai amsa ba har lokaci ya ƙare, ana rage masa maki. A ƙarshen kowane kashi, idan da sauran lokaci, an yarda mutum ya koma ya sauya amsa har guda 3.

Maki yana farawa daga 205 ya tsaya a 805. Tsohon ma'auni kuwa daga 200 ne zuwa 800, kuma ba su yi daidai da juna ba: 645 na yanzu shi ne kwatankwacin 700 na da. Mun faɗi wannan ne don kada uba ya ji ɗan wane ya ci 700 shekarun baya, ya ga nasa ya kawo 645, ya ɗauka ya gaza. Babu wani makin da ake cewa an ci ko an faɗi. Kowace makaranta tana bayyana matsakaicin makin waɗanda ta ɗauka, shi ne mai nema zai sa a gaba.

Me ake tambaya? Ku gwada da kanku

Lissafin ciki bai wuce na sakandare ba: kashi cikin ɗari, rabo, matsakaici, riba da faɗuwa, gudu da nisa, da ɗan aljabara. Wahalar ita ce lokaci, don kowace tambaya minti biyu da 'yan daƙiƙu ne rabonta. Ga irinsu, mun sa su cikin harshen kasuwa.

Ta ɗaya. Kun sayi buhun wake 40, kowanne naira 40,000. Kuɗin mota da dako da la'ada sun ci 200,000. A hanya buhu 4 suka lalace. Nawa za ku sayar da kowane buhu don ku samu ribar kashi 20 cikin 100 na duk abin da kuka kashe? Abin da aka kashe miliyan 1 da dubu 800. Da ribar ya zama miliyan 2 da dubu 160. A raba wa buhu 36, kowanne ya tashi 60,000. Mai gaggawa zai raba da 40, ya manta da waɗanda suka lalace, kuma wannan amsar tasa ta kuskure tana nan cikin zaɓin da aka jera masa, tana jiransa.

Ta biyu. Farashin rago ya tashi da kashi 20 cikin 100 kafin Babbar Sallah, bayan Sallah ya sauka da kashi 20 cikin 100. Ya koma inda yake? A'a. Ragon dubu 100 ya zama dubu 120, kashi 20 na dubu 120 kuwa dubu 24 ne, ya sauko dubu 96. Duk dillali ya san wannan ko bai taɓa riƙe alƙalami ba.

Ta uku ita ce ta fi ba ɗalibai mamaki, don ba amsa ake nema ba, ana tambaya ne ko bayanin da aka bayar ya isa a samu amsa. Garke ne na shanu da tumaki kawai. Tumaki nawa ne? Bayani na ɗaya: duka dabbobin 90 ne. Bayani na biyu: tumakin sun ninka shanun sau biyu. Na ɗaya shi kaɗai bai isa ba. Na biyu shi kaɗai bai isa ba. In an haɗa su sun isa. Iyakar abin da ake so ke nan, ba sai an tsaya fitar da 60 ba. Abin da ake aunawa shi ne: ka san lokacin da labarin da ke hannunka ya isa ka yanke shawara, da lokacin da ya kamata ka ƙara tambaya?

Ta huɗu, daga kashin auna hujja. Wani ya ce: tun da aka buɗe sabuwar tasha farashin albasa ya faɗi, saboda haka tashar ce ta karya farashi. Wane bayani ne zai raunana maganarsa? Amsa: an buɗe tashar ne daidai lokacin da sabuwar albasa ke shigowa kasuwa, lokacin da farashi ke faɗuwa kowace shekara. Abu biyu sun zo tare, amma ba lalle ɗaya ne ya haifi ɗayan ba.

Kun ga ke nan, ba haddar littafi ake nema ba. Hankalin ciniki ne, amma da Turanci, a gaban kwamfuta, agogo na gudu. Yaron da ya tashi yana riƙe wa mahaifinsa lissafi a kara ko a rumfa ba baƙo ba ne a wannan fage. Abin da ya rage masa shi ne harshe da sabo da sauri.

Kai ɗan'uwa, ke 'yar'uwa mai shiri

Yanzu da ku nake. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ga tsarin da muke ba da shawara, na wata uku zuwa huɗu ga wanda Turancinsa ya zauna.

Makon farko, gwaji. Masu jarrabawar sun ajiye cikakkun jarrabawoyin gwaji guda 2 kyauta a shafinsu na mba.com. Ka zauna ka yi ɗaya kamar da gaske, da agogo, ba waya, ba tashi. Makin da ka samu shi ne inda kake tsaye. Ka ɗora shi kusa da makin da makarantarka ke nema. Tazarar da ke tsakani ita za ta gaya maka yawan aikin da ke gabanka. Ka ajiye gwaji na biyu sai can gaba, kada ka ƙone su duka a mako ɗaya.

Wata na farko, gyaran tushe. Ka koma lissafin sakandare ba tare da jin kunya ba, ka saba da yin sa da ka da takarda. Kullum ka karanta rubutun Turanci mai nauyi, na tattalin arziki ko kimiyya ko tarihi, ka rufe, ka faɗi da bakinka: me marubucin ke son cewa, kuma da wace hujja? A wannan wata kada ka damu da sauri.

Wata na biyu, a sa agogo. Tambaya goma cikin minti ashirin, kullum. Nan ne za ka koyi abu mafi wuya, wato sakin tambayar da ta ƙi ci. Idan minti uku sun wuce ba ka ga hanya ba, ka cire amsoshin da ka tabbata ba su ba ne, ka zaɓi ɗaya cikin sauran, ka sa mata alama, ka wuce. Makiyayi ba ya barin garke duka a daji don bin tunkiya ɗaya.

Wata na uku, cikakken gwaji lokaci-lokaci, a daidai sa'ar da za ka yi ta gaskiyar. Kashegari kuma ka zauna ka bi duk abin da ka faɗi.

A duk tsawon wannan lokaci ka riƙe littafi guda, kamar littafin bashi na mai kanti. Duk tambayar da ka faɗi ka rubuta ta, ka rubuta dalili: ban san ƙa'idar ba, ko ban karanta da kyau ba, ko lokaci ne ya kore ni. Bayan mako uku za ka ga kuskurenka ba su da yawa, iri biyu ne ko uku suke ta maimaita kansu. Su za ka bi. Awa biyu kullum bayan sallar asuba sun fi awa goma sha biyu ranar Lahadi kaɗai.

Kada ka yi rajista sai gwajinka ya kai makin da kake nema, ko ya yi kusa, sau biyu a jere. Ka kuma zaɓi lokaci da hankali. Kada ka sa shirinka ya faɗo cikin hada-hadar ragunan layya ko tsakiyar kaka, lokacin da gida ke buƙatar hannunka. Makarantun waje da yawa suna rufe zagayen farko na karɓar takardu wajen Satumba, na biyu wajen Janairu, sai ka ƙirga baya daga nan.

Kuɗi, takardu da macuta

Kuɗin zama ɗaya yana kaiwa wajen dala 275 zuwa 300, gwargwadon ƙasa da kuma ko a cibiya za a yi ko a gida ta intanet. Iyayena na Nijar, dalar Amurka ake nufi, ba dalarmu ta sefa biyar ba. Ku tambayi ɗan canji farashin ranar ku lissafa da kanku. A kan wannan sai ku ƙara kuɗin mota da masauki, don cibiyoyin suna manyan birane ne irin Abuja da Legas da Akara. Yin ta a gida yana buƙatar kwamfuta mai kyamara, da wutar da ba za ta ɗauke ba, da intanet mai ƙarfi, da ɗakin da ba mai shigowa. Wanda ba shi da tabbacin waɗannan, cibiya ta fi masa kwanciyar hankali.

Wanda bai gamsu da makinsa ba yana iya sakewa bayan kwana 16, har sau 5 cikin wata 12, amma kowane zama da cikakken kuɗinsa. Sakamako yana aiki shekara 5, don haka wanda ya ci bana bai yi asara ba ko da sai baɗi ko bayan baɗi kuɗin makaranta zai samu.

Sai maganar suna, wadda ta shafe mu mutanen iyaka ƙwarai. Dole sunan da aka yi rajista da shi ya zama daidai da na takardar shaida, harafi da harafi. Mutum ɗaya ne Usman a wannan gefe, Ousmane a wancan. Abdullahi a nan, Abdoulaye a can. Idan fasfo ya ce ɗaya, rajista ta ce ɗaya, ana iya mayar da yaro daga bakin ƙofa, kuɗi kuma sun tafi. Wanda zai ƙetare iyaka ya yi jarrabawar a ƙasar da ba tasa ba, fasfo mai rai ake nema, katin ɗan ƙasa ba ya wadatarwa.

Ku yi hattara da masu cewa suna da tambayoyin a hannu, ko za su sa wani ya zauna wa yaronku, ko za su ƙara masa maki daga ciki. A cibiya ana ɗaukar hoto, ana kuma auna tafin hannu da na'ura. Wanda aka kama ana soke makinsa, ana iya hana shi sake zama. Malamin koyarwa na gaskiya yana da amfani, amma wanda ya yi muku alkawarin maki kaza tabbas, ku riƙe kuɗinku.

Abu na ƙarshe da ya kamata a faɗa a fili: jarrabawa ƙofa ɗaya ce cikin ƙofofi. Makaranta za ta duba sakamakon digiri, da wasiƙun shaida daga waɗanda suka san aikin mai nema, da bayanin da ya rubuta game da kansa, da ganawa baki da baki. Mafi yawa suna son wanda ya yi aiki na wasu shekaru bayan digiri. Riƙe kasuwancin gida ma aiki ne, idan akwai rubutaccen lissafin da zai nuna abin da yaro ya yi, saboda haka ku sa shi ya fara rubutawa tun yau. Kuɗin karatun kansa kuwa, a manyan makarantun Amurka ya haura dala 70,000 a shekara. Ba abin da za a biya da sa ɗaya ba ne, ko goma. Wanda ba mai hali ba da tallafin karatu yake shiga, kuma maki mai kyau yana cikin abin da ake dubawa wajen ba da tallafin. Shi ya sa shiri mai kyau kuɗi ne a aljihu. Idan kuma lissafi ya nuna waje ba za ta yiwu ba yanzu, Kano da Zariya da Dakar suna nan, ba faɗuwa ba ce.

To iyayena, idan yaronku ya zo da wannan magana, tambaya huɗu za ku yi masa. Wace makaranta? Wace jarrabawa suke so, kuma maki nawa? Nawa ka samu a gwajin kyauta? In an ɗauke ka, wa zai biya karatun? In ya amsa su dalla-dalla, ku taimaka masa. Babban taimakon ma ba kuɗi ba ne, lokaci ne: ku ɗauke masa aike da jiran rumfa na awa biyu kullum har wata uku, mace ce kuwa a rage mata aikin gida. In bai amsa ba, ku ce ya je ya binciko, san yana nan ba inda za shi.

Mai ƙarin tambaya ya aiko mana ta hanyar da aka saba, za mu amsa a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Allah ya ba yaranmu sa'a, ya tsare dukiya, ya kai matafiya gida lafiya.